Yadda Auta Ta Ci Ƙasar Kawunta

Auta ma'aikaciyar ɗakin awon jini ce a wani ƙaramin asibiti, matar aure mai 'ya'ya biyu, kuma ban da wannan tana da ƙasa guda sukutum wadda babu ita a taswirar duniya. Kawunta ne ya jawo ta cikin lamarin. Ƙanen mahaifiyarta ne, malamin Faransanci da ya yi ritaya, mutumin da ko a wurin gaisuwar rashin lafiya sai ya gyara wa mai jinya magana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya haɗu da wasu mutum bakwai a intanet, kowa daga inda Allah ya ajiye shi, suka ƙirƙiro wani wasa. Suka ce ai Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci duk 'ya'yan Latin ne, harshen Rumawan dā. To, a ce wasu jiragen ruwan Rumawa sun ɓace a teku, sun faɗa wata babbar ƙasa da babu kowa, suka zauna suka hayayyafa. Yau da wane irin baki jikokinsu za su yi magana? Sai suka zana ƙasar, suka yayyanka ta, kowa ya ɗauki rabonsa yana ƙera wa mutanensa harshe da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Dokokinsu biyu ne. Ta farko, tarihi ɗaya ne, abin da ya shiga kundi ya shiga. Ta biyu, wanda ya yi shirun wata shida ba tare da an ji dalili ba, za a raba ƙasarsa ga maƙwabtansa.

Kawu ya sami bakin teku. Mutanensa masunta ne da masu haƙar gishiri, ya sa musu suna Salinawa, harshensu Salinanci, shi kuma a zauren intanet da suke haɗuwa ana kiransa Mai Gishiri. Kowace kalma yana rubuta ta a ɗan kati, tushenta na Latin a sama, yadda ta lalace a bakin Salinawa a ƙasa, ya jera a kwalayen takalmi a saman kabad ɗin littattafansa. Kwali tara.

"Dubi nan," ya ce mata ranar da ya fara nuna mata, tana budurwa tana hutun makaranta. "Rumawa suna ce wa ƙofa porta. Mutanena suka ce forda. Su ma harafin p ɗin nan ya gagare su, kamar mu. Tausayinsu na ji."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma daga ranar ta kamu. Bayan shekara uku aka ba ta wasu duwatsu a bayan ƙasarsa da ba wanda yake so. Ta kira mutanenta Montarawa, makiyaya ne masu taurin kai da taurin harshe. Kawu ya gindaya mata sharaɗi ɗaya: kada kowa a zauren ya san 'yar yayarsa ce, don kada a ce yana mata alfarma.

Alfarma kuwa bai taɓa yi mata ba. Duk abin da ta rubuta sai ya bi shi layi-layi a gaban kowa. Sau uku tana roƙonsa ya ba Montarawa 'yar mashiga zuwa teku, ko da ƙauye ɗaya ne, don harshenta ya sami kalmar jirgi da ta igiyar ruwa da ta baƙon fatake. Sau uku yana amsa mata da cewa tarihi bai yarda ba, makiyayi me zai yi da kwale-kwale. A na ukun har ya ƙara da cewa ta fara gyara jam'in sunayenta tukuna. Ranar ta rufe kwamfuta da ƙarfi, har mijinta ya leƙo yana tambaya ko wani ne ya mutu.

Wata safiyar Talata, Kawu yana zuba shayi, butar ta suɓuce daga hannunsa. Kafin la'asar likita ya tabbatar musu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ta koma wani gurnani da ko Anti, matarsa, ba ta ganewa. Auta ce ta yi ta zirga-zirga. Ita ke karɓo sakamakon awo ta fassara wa Anti, ita ke juya shi a gado, ita ke goge masa baki. Ba wanda zai ce ba ta yi ba. A makon farko ta yi niyyar sanar da zauren, sai abubuwa suka sha kanta. A mako na biyu ta ce gobe.

Ranar da ya cika wata ɗaya a kwance, tana zaune a kan doguwar kujerar ɗakin awo tana jiran injin ya gama juya kwalaben jini, ta buɗe wayarta ta ga saƙon Alƙaliya. Haka suke kiran matar da ke raba musu gardama, wadda a rayuwarta ta gaske likitar haƙori ce. Ta rubuta: "Wa ya ji ɗuriyar Mai Gishiri? Bai taɓa shiru haka ba."

Auta ta fara rubutu. Ta rubuta cewa kawunta ne, yana asibiti, a sa shi a addu'a. Ta karanta. Yatsanta yana kan wurin aikawa sai injin ya yi ƙara ya tsaya. Ta ajiye wayar ta je ta kwashe kwalaben. Da ta dawo, ta goge abin da ta rubuta.

Ta gaya wa kanta ai shi ne ya ce kada a san dangantakarsu. Ta gaya wa kanta ciwon mutum sirrinsa ne. Likita ma da bakinsa ya ce ba lallai Kawu ya sake karatu ba, balle rubutu. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk ta san ba su ne dalilin ba. Tun kafin ta ajiye wayar nan ta riga ta lissafa cewa saura wata biyar.

Alƙaliya ta sake tambaya a wata na biyu, da na huɗu. Mai Taswira, wanda ke zana musu iyakoki, ya ce ya aika wasiƙa uku ba amsa. A wata na shida Alƙaliya ta yi tambayar ƙarshe, ta jira mako guda, sannan ta ce doka doka ce. Maƙwabciyar da ta fi kusa da bakin teku ita ce Auta.

Cikin kwana goma, a lokacin hutun cin abincin rana, ta rubuta yaƙin. Fari ya kashe dabbobin Montarawa, suka gangaro daga duwatsu, suka ci tashar jiragen Salinawa cikin damina ɗaya. Sarakuna suka koma Montaranci, kasuwa ta bi su, makarantu suka bi kasuwa. Bayan shekara ɗari biyu Salinanci ya rage a bakin tsofaffin mata masu ɗinkin koma. Ta rubuta labarin ta ƙarshensu, wata tsohuwa da ke zama a ƙofar ɗakinta tana magana da kyanwa don babu sauran mai gane ta.

Don labarin ya yi armashi tana buƙatar kalmomi. A lokacin an sallamo Kawu, yana kwance a falo inda aka fito masa da gado. Wata Asabar ta ce wa Anti za ta share ɗakin karatunsa, ƙura ta yi yawa. Ta hau kujera ta sauko da kwali na takwas da na tara, waɗanda bai taɓa sa su a zauren ba, ta ɗauki hoton katunan da wayarta ɗaya bayan ɗaya. Ta bango tana jin Anti tana lallashinsa ya buɗe baki ya sha magani. Kalma ɗari uku ta kwasa. Akwai sunayen igiya kala goma sha huɗu, akwai kalmar warin teku bayan ruwan sama. Ta ce wa zauren ita ta ƙirƙiro su bisa dokokin da Mai Gishiri ya bari.

Zauren ya ɗauka da yabo. Mai Taswira ya kwashe mako biyu yana sake zane, ya shafe shuɗin Kawu ya mayar da shi ruwan ƙasa irin nata. Alƙaliya ta ce tun da aka kafa wasan ba a taɓa rubuta abin da ya sa ta hawaye ba sai labarin tsohuwar nan. Auta ta karanta yabon a tsaye a gaban firjin jini, ta ji daɗi, daɗi na gaske, na kamar minti biyar. Ta sami tekun, amma ko kalma ɗaya ba ta ƙara wa Montaranci ba.

Sai kuma Kawu ya fara samun sauƙi, abin da ta yi ta roƙa masa da bakinta. Magana ta dawo a hankali, a karkace, amma ana ganewa. Mai gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Wata rana da yamma ta shigo da ledar magunguna ta tarar da shi zaune a kujera, an jingina masa matashi.

"Auta," ya ce, yana jan kowane harafi. "Kawo... kwamfutarki. Ki rubuta musu na dawo."

Ta ajiye ledar. "Kawu, ai ban zo da ita ba."

"Gobe."

Gobe ta ce batirin ya mutu. Jibi ta ce sabis ba kyau a unguwar. Daga nan ta ce likita ya hana shi kallon allo, ƙaryar da ta fi kowace ciwo don ya yarda nan take, ya ce likita ya fi shi sani. Mako uku tana wannan. Ta rage zuwa gidan. Mahaifiyarta ta kira ta a waya tana faɗa, wai me ƙanenta ya yi mata da ta ɗauke ƙafa yanzu da ya fara gane mutane.

Anti ce ta tsare ta a kicin, tana ɗauraye kofuna.

"Ke, wai ina kwamfutar nan? Kin san ƙwallon nan ba don Allah yake matsa shi ba, don katunansa ne. Jiya ya riƙe biro ya yi wani abu kamar ƙafar kaza, ya ce harafi ne. Ni dai ban san kan shirmen nan naku ba, amma shi ke tashe shi da safe."

Auta ta ɗauki tsumma tana goge kofin da ya riga ya bushe.

Asabar da hantsi ta zo da kwamfutar. Anti ta fita kasuwa. Kawu yana bakin taga, an yi masa aski, ya sa farar rigar da yake zuwa aji da ita dā. Da ya ga jakar sai ɓarin fuskarsa mai motsi ya yi murmushi. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna ƙasa da shi, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta kasa buɗewa.

"Kawu, akwai maganar da zan faɗa maka."

Ta faɗa. Ba ta iya jera shi da kyau ba, ta fara da yaƙin, ta koma kan dokar wata shida, ta tsallaka zuwa kwalaye. Yana saurare, ƙwallon yana hannunsa bai matsa ba.

"Karanta min," ya ce.

Ta buɗe ta karanta masa duka, fari da gangarowa da tsohuwa da kyanwarta. A tsakiya akwai jimlar da tsohuwar ta faɗa da Salinanci, kuma tun ranar da Auta ta aika ta lura ta kuskure ƙarshen aikatau. Da ta zo wurin ta rage murya, ta ɗan dakata, tana jiran ya ɗaga yatsa ya ce a'a, sake. Bai gyara mata ba. Yana kallon labule.

Da ta gama, ta ɗago kai ta dube shi.

"Ya yi kyau," ya ce. "Kin iya rubutu."

"Kawu, ka yafe min. Zan sa a goge. Zan ce musu..."

Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita.

"Ƙasa tana cin ƙasa. Wannan ba komai." Ya huta, ya haɗiyi yawu. "Sun... tambaye ni?"

"Sun tambaya."

"Sau nawa?"

"Alƙaliya sau huɗu. Mai Taswira ya aiko maka wasiƙa uku."

"Kika ce me?"

"Ban ce komai ba."

Ya jinjina kai a hankali. "Ina kwance a can, ba baki. Ina jin ku kuna magana a kaina. Kullum in kin shigo sai in ce yau za ta ce wane yana gaishe ka." Ya sake hutawa. "Na ɗauka kin gaya musu. Na ce shekara goma sha ɗaya, ko sannu. Na yi ta jin haushin bayin Allah."

Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba. Duk watannin nan tunaninta yana kan ƙasa da katuna. Ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan madannan kwamfutar, tana sharewa da gefen mayafi. Bai ce ta daina ba, bai kuma dafa ta ba. Can ya ce ta taimaka masa ya koma gado, bayansa ya gaji.

A ranar, a teburin cin abincin gidan, ta rubuta wa zauren. Ta ce Mai Gishiri kawunta ne. Ta ce ta san inda yake tun ranar farko, ta ga tambayoyinsu duka, kuma kalmomi ɗari ukun nan nasa ne, daga kwalayensa ta sato su. Wannan karon ba ta tsaya sake karantawa ba.

Mai Taswira ne ya fara amsawa, kuma bai tauna ba. Ya ce da hannunsa ya shafe ƙasar mutum yana kwance ba lafiya, ita ta sa shi, ba zai manta mata ba. Wasu biyu suka ce a kore ta. Bayan kwana biyu Alƙaliya ta rubuta cewa dokar shiru an yi ta ne don wanda ba a san dalilinsa ba, nan kuwa akwai wadda ta sani ta ɓoye, saboda haka a karo na farko za a buɗe kundi a cire abin da ya shiga, in Mai Gishiri ya so. Ita kuma Auta ta ajiye alƙalaminta na shekara guda.

Kawu bai so ba. Ya sa Anti ta rubuta musu cewa a bar yaƙin, a bar tsohuwar, a dai mayar da sunansa kan kalmominsa. Ya ce ba shi da ƙarfin riƙe bakin teku yanzu. Abin da yake so ɗan tsibiri ne, inda jirage bakwai na Salinawa suka gudu ranar da aka ci tashar. Mai Taswira ya zana masa shi a yini ɗaya. Gaisuwa ta yi ta shigowa, har da hoton jikar wani tana riƙe da takarda an rubuta sannu da Salinanci. Anti ta ce ya sa ta karanta masa kowanne sau biyu.

Anti ce ta zama magatakardarsa. Da yatsa ɗaya take bugawa, tabarau a kan hanci, tana mita.

"Wai Malam wannan kalma ce ko tari? Harafi nawa ne a ciki?"

"Biyar. Sake."

Auta takan jiyo su daga kicin in ta zo ranar Asabar. Aikin da Anti ke yi a awa guda ita za ta gama shi kafin shayi ya huce, kuma duk su ukun sun san haka. Bai taɓa ce mata ta zo ta karɓa ba. Yana amsa gaisuwarta da sakin fuska, ya tambayi yara da sunansu, ya tambayi aiki, ya ce ta gaishe da maigidan. In ta shigo falo suna tsakiyar kalma sai ya dakata har ta ajiye abin da ta kawo ta fita.

"Ki ba shi lokaci," in ji Anti, rannan da ta raka ta bakin bene. "Ba fushi yake ba. Ni da ya yi fushin ma da ya fi min, a yi a gama."

Mahaifiyarta har yau ba ta gane abin da ya faru ba. Da aka yi mata bayani ta ce yanzu duk wannan zaman makokin a kan garin da babu shi ne? Auta ta ce eh, Umma, ta bar maganar.

Ranar Laraba ita ke kai shi wurin gashin ƙashi, don motar Anti ba ta tashi. Yakan zauna a gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana kallon shaguna. Wata Laraba, wata huɗu bayan maganar, suna tsaye a danja mai sayar da jarida yana bi tsakanin motoci, ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Alƙaliya ta ce a gaishe ki."

Auta ta ƙanƙame sitiyari. "Ina amsawa."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Danja ta ba da hannu, na baya ya yi mata hon, ta ja mota.

A ƙofar asibitin ta zagayo ta buɗe masa, ta miƙa masa sandar. Akwai matakala uku kafin a shiga, kuma har yanzu ba ya iya hawansu shi kaɗai. Ya kama damtsenta da hannun hagu, ya sakar mata nauyinsa duka, suka hau ɗaya, suka huta, suka hau na biyu, suka hau na uku. Da suka kai sama ya saki hannunta, ya gyara rigarsa, ya ce ta je ta gyara fakin kada a rufe wa wani hanya, zai iya ƙarasawa.